Shawara: Shin wahalar ƙuruciya ta ɓata halittar yaron da nake riƙo?

Wata mai karatu daga Kaduna ta aiko da doguwar wasiƙa, ga taƙaitaccen abin da ta ƙunsa. Tana riƙon ɗan ƙanwarta, yaro ɗan shekara 7. Yana da shekara 2 'yan bindiga suka afka wa ƙauyensu a Zamfara suka kashe mahaifinsa, uwar ta gudo da shi a goye zuwa birni, suka fake a wani kango, abin da za su ci ma sai an yi bara. Yana da shekara 4 uwar ta rasu bayan doguwar jinya, ya zauna a gidaje biyu na dangin uba kafin ya zo hannunta shekara ɗaya da rabi da suka wuce. Ta ce: "Ƙarar babur tana sa shi ya shige ƙarƙashin gado, yana fitsarin kwance kusan kullum, yana ɓoye tuwo a jakar makaranta har ya yi tsami, kuma idan aka taɓa shi bai sani ba sai ya kai duka. 'Yar maigidana da ke karatun aikin jinya ta ce an koya musu cewa wahalar ƙuruciya tana sauya ƙwayoyin gadon yaro, har ya gadar wa 'ya'yansa. Tun da maigida ya ji haka ya ce ai hali zanen dutse ne, gara a kai shi karatun allo wani gari ko malam zai saita shi. Ni kuwa amanar ƙanwata ce. Da gaske ya lalace ke nan? Akwai gwajin da za a yi masa, ko maganin da zai gyara shi?"

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan ƙanwarki da mijinta, ya sa Aljanna ce makomarsu, ke kuma ya saka miki da mafificin alheri. Zan fara da abin da ya fi hana ki barci: yaron nan bai lalace ba, kuma ilimin da 'yar maigidanki ta gutsuro muku, idan aka bi shi har ƙarshe, hujja ce ta a bar shi a ɗakinki. Ba ƙarya ta yi ba, amma rabin zancen ta kawo, kuma a cikin rabin akwai kalma ɗaya da ke bukatar gyara, wato "sauyawa".

An gina jikin ɗan Adam da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, kuma kusan kowace ɗaya tana ɗauke da kwafin rubutun gado guda, wanda ake kira DNA, rabi daga uwa, rabi daga uba. A cikin wannan rubutu akwai ƙwayoyin gado wajen 20,000, kowacce umarni ce na yadda za a haɗa wani sinadari da jiki ke aiki da shi. Ƙwayar da ke cikin hanta da wadda ke cikin ƙwaƙwalwa rubutu ɗaya suke ɗauke da shi, abin da ya raba su shi ne sashen da kowacce take karantawa da wanda ta bari a rufe. Duk wanda ya zauna gaban malam da allo ya san bambancin babbaƙu da farfaru: haruffan ba da ra a rubutun ajami suna nan yadda suke, amma wasalin da aka ɗora musu shi zai sa a karanta biri ko a karanta bari. Haka jiki yake ɗora wasu ƙananan alamomi a kan DNA, mafi shahara a cikinsu wani ɗan sinadari mai suna metil, wanda idan ya taru a bakin wata ƙwayar gado yakan rage yawan karanta ta. Fannin da ke nazarin waɗannan alamomi shi ake kira efijenetiks. Tsoro da yunwa da maraici ba sa goge baƙi ko ɗaya daga rubutun da yaro ya gada. Farfarun ake magana a kansu.

Ga yadda abin ya shafi yaronki. Idan mutum ya hangi haɗari, ƙwaƙwalwa tana aika saƙo zuwa wasu ƙananan gaɓoɓi biyu da ke zaune a saman ƙoda, su saki sinadarin kotisol, wanda ke ƙara sukari a jini ya shirya jiki don gudu ko kare kai. Wannan rahama ce a lokacin haɗari, sai dai dole a samu mai cewa ya isa haka idan haɗarin ya wuce. Wani sashe na ƙwaƙwalwa mai suna hifokamfus yana da wasu makarɓai da kotisol ke sauka a kansu, kuma idan suka ji ya yawaita sai su sa a tsayar da shi. Ƙwayar gadon da ke samar da waɗannan makarɓai ana kiran ta NR3C1, kuma a kanta aka yi binciken da ya fi kowanne tasiri a wannan fanni.

A shekarar 2004, Michael Meaney da Moshe Szyf da abokan aikinsu a Jami'ar McGill ta ƙasar Kanada suka wallafa abin da suka gani a jikin ɓeraye. Wasu iyaye mata suna yawan lasar 'ya'yansu da gyara musu jiki a makon farko na haihuwa, wasu kuma ba su cika yi ba. 'Ya'yan da ba su samu yawan lasa ba sai aka tarar metil ya taru a bakin waccan ƙwayar gado, makarɓan sun yi ƙaranci, kotisol yana daɗewa bai sauka ba bayan razana, kuma sun girma da yawan tsoro. Abin da nake so ki riƙe shi ne mataki na gaba da suka ɗauka: sun yi musayar 'ya'yan cikin sa'o'in farko bayan haihuwa, suka ba uwa mai yawan lasa ɗan wadda ba ta yi, suka ba ɗayar ɗanta. Alamomin da 'ya'yan suka tashi da su na mariƙiya ne, ba na mahaifiya ba. Wato tun daga binciken da ya buɗe wannan ƙofa, riƙo shi ne jigon labarin.

A 2009 aka duba ko haka abin yake a jikin mutane. Masu binciken na McGill sun nazarci hifokamfus na mamata 36: 12 sun kashe kansu kuma an san an zalunce su suna yara, 12 sun kashe kansu ba tare da irin wannan tarihi ba, 12 kuma wani dalili ne ya zama ajalinsu. Rukunin da aka zalunta suna yara su aka samu da ƙarin metil a kan NR3C1. Yunwa ma tana barin nata sawun. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, a hunturun 1944 zuwa 1945, an yi matsananciyar yunwa a yammacin Holand, kuma binciken da aka wallafa a 2008 ya nuna waɗanda aka ɗauki cikinsu a lokacin suna da ƙarancin metil a kan wata ƙwayar gado mai kula da girma, IGF2, idan aka kwatanta su da 'yan'uwansu na ciki ɗaya, alhali an shekara sittin da wucewar yunwar. A nan Afirka ta Yamma, a yankin Keneba na Gambiya, an ga bambancin alamomi tsakanin yaran da aka ɗauki cikinsu da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, da waɗanda aka ɗauka da rani. Saboda haka ba zan ce miki wahala ba ta taɓa jiki ba. Tana taɓawa, kuma sawunta yakan daɗe.

Amma akwai abin da ba a cika faɗa a aji ba. Bambance-bambancen da ake samu a jikin mutane yawanci ƙanana ne, kuma ana ganin su ne idan an haɗa mutane da yawa an ɗauki matsakaici. Ba sa faɗin makomar yaro ɗaya. Yawancin binciken ma a kan jini ko yawu ake yi, domin ba a iya ɗibar ƙwaƙwalwar mai rai, kuma alamomin jini ba lallai su zo daidai da na ƙwaƙwalwa ba. A Birtaniya an bi wasu tagwaye 2,232 da aka haifa a 1994 da 1995 tun suna ƙanana, aka auna jininsu suna da shekara 18, sakamakon da aka fitar a 2018 ya nuna alaƙar da ke tsakanin zaluncin da suka fuskanta da alamomin jininsu kaɗan ce ƙwarai, kuma abin da aka fara gani yawancinsa shan taba ne ya jawo shi. Wannan ita ce amsar tambayarki ta biyu: babu wani gwajin jini da zai gaya miki halin da zuciyar yaronki take ciki, kuma babu ƙwaya ko jiƙo ko allurar da ke wanke alamomin nan daga jikin yaro. Duk wanda ya yi miki tayin ɗaya daga cikinsu, a asibiti ne ko a waya, kada ki ba shi ko sisi.

Batun gadar wa 'ya'ya kuwa, ki kwantar da hankalinki. A jikin ɗan Adam ana wanke allon sau biyu: sau ɗaya lokacin da ake shirya ƙwayoyin haihuwa, sau ɗaya kuma a kwanakin farko bayan shigar ciki, inda ake goge mafi yawan alamomin a sake ɗora sababbi. Har yau kimiyya ba ta tabbatar da cewa tsoron da namiji ya ji yana yaro yana bin maniyyinsa ya sauka a kan 'ya'yansa ba. Hanyar da aka tabbatar ita ce wadda kakanninmu suka sani, wato yadda aka rene ka haka kake reno. A cikin ɓerayen nan ma, 'ya'ya matan da mariƙiya mai yawan lasa ta rena sun girma suna yawan lasar nasu 'ya'yan.

Na ce riƙo shi ne jigo, bari in kawo miki shaidar da ta fi ƙarfi a jikin mutane. Bayan faɗuwar gwamnatin Nicolae Ceausescu a Romaniya a Disambar 1989, duniya ta ga dubban yara jibge a gidajen marayu, ana ba su abinci amma babu mai ɗaukar su, babu mai amsa kukansu. A shekarar 2000 wasu masana uku daga Amurka, Charles Nelson da Nathan Fox da Charles Zeanah, suka fara bin yara 136 daga irin waɗannan gidaje a birnin Bukarest. Aka yi ƙuri'a, 68 suka koma hannun iyalan riƙo da aka horar, 68 suka ci gaba da zama yadda suke. Waɗanda suka samu riƙo sun fi sauran a basira da magana da shaƙuwa da mai kula da su, kuma waɗanda aka ɗauka kafin su cika shekara 2 su suka fi amfana, har yadda jikinsu ke sakin kotisol ya koma kusa da na yaran da suka tashi gaban iyayensu. Ba zan ɓoye miki ba, yaronki ya wuce wannan shekara kafin ya zo hannunki. Sai dai abu biyu suna tare da shi. Na farko, shi ya samu abin da yaran Bukarest suka rasa: shekara 4 yana jikin uwa, ta goya shi, ta shayar da shi, ta amsa kukansa ko da a kango ne, kuma wannan ba ƙaramin jari ba ne. Na biyu, da aka sake duba yaran suna da shekara 12, an ga waɗanda suka dawwama a gida ɗaya sun fi samun lafiyar zuciya da ɗabi'a a kan waɗanda riƙonsu ya katse aka sauya musu wuri. Wannan sakamako kai tsaye yake magana a kan shawarar da ke gabanku.

Akwai kuma wata ƙofa da ba ta buɗe ba tukuna. Megan Gunnar ta Jami'ar Minnesota ta bi yaran da aka ɗauko daga gidajen marayu na ƙasashe daban-daban zuwa hannun iyalai a Amurka, kuma a 2019 ta ba da rahoton cewa yayin da suke shiga balaga a gidajen da ake kula da su, yadda jikinsu ke amsa damuwa yana komawa kusa da na sauran yara. Ma'ana jiki yakan sake auna duniyar da yake ciki a lokacin balaga, ya daidaita kansa da abin da ya tarar. Yaronki yana da sauran shekaru kafin wannan lokaci, kuma abin tambaya shi ne a ina balagar za ta same shi.

Don haka ra'ayina a fili yake: kada a kai shi wani gari. Ba karatun Alƙur'ani nake ja da shi ba, ya yi shi a makarantar allo ta unguwarku, ya dawo ya ci tuwo a gida ya kwana a gida. Abin da nake tsoro shi ne rabuwa. Yaron da ya rasa uba, ya rasa uwa, ya bar gida biyu, idan aka sake ɗaure masa kaya abin da zai fahimta shi ne duk inda ya sa kansa sai an ture shi. Sannan yaron da yunwa ta koya wa ɓoye tuwo ba shi ne za a tura inda cinsa zai rataya a kan bara ba, wanda yake fitsarin kwance kuma ba shi ne za a kwantar cikin yara da yawa ba, inda dariya da bulala ke jiran sa kowace asuba.

Ki sake kallon ɗabi'un da kika lissafa, za ki ga kowacce ta taɓa yi masa amfani. Maharan da suka tarwatsa ƙauyuka a yankin Zamfara a kan babura suke zuwa, don haka jikin da ya koyi ɓuya da jin ƙarar babur darasin gaskiya ya ɗauka, abin da ya rage shi ne ya gamsu cewa wancan lokaci ya wuce. Gamsuwar ba ta zuwa da bayani, tana zuwa ne da maimaici. Ki sa lokacin cin abinci da na wanka da na barci su zama sanannu, kusan ɗaya kullum. Idan za ki fita unguwa ki gaya masa inda za ki da lokacin dawowarki, ki kuma cika, domin kowace dawowa hujja ce a wurinsa. Kada ki ƙwace abin da ya ɓoye ki yi masa faɗa. Ki ba shi ɗan gwangwani nasa na kansa, ki zuba masa abin da ba ya lalacewa, kamar gyaɗa ko ƙuli-ƙuli ko dabino, ki ce nasa ne babu mai taɓawa. Yara da yawa idan suka tabbatar abincin ba zai yanke ba da kansu suke rage ɓoyon. Idan ya shige ƙarƙashin gado kada a jawo shi da ƙarfi, ki zauna kusa ki yi magana a hankali, ki ce babur ɗin maƙwabci ne, kina nan. Ki gaya wa 'yan gida su riƙa zuwa masa ta gaba, su kira sunansa kafin su taɓa shi. Duka kuwa a ajiye shi gaba ɗaya, domin a jikin irin wannan yaro bulala tana tabbatar masa da abin da kike ƙoƙarin ƙaryatawa ne. Wannan ba ya nufin a bar shi ya daki yara: a riƙe hannunsa, a raba shi da wurin har ya huce, sannan a nuna masa kuskurensa a sa shi ya ba da haƙuri.

Kada ki rufe zancen mahaifiyarsa. Ke ce kika san ta tun tana yarinya, ki ba shi labarinta, abin da take so, yadda take dariya, ku yi mata addu'a tare. Idan ya kawo zancen harin ko rasuwar ki saurara, amma kada ki matsa masa ya faɗi abin da bai shirya faɗa ba.

Fitsarin kwance yana bukatar likita kafin a ɗora shi duka a kan tsoro. Ki kai shi wurin likitan yara a duba fitsarinsa, domin ciwon mafitsara da ciwon sukari da tsargiya da taurin bayan gida duk suna iya jawo shi, a kuma auna tsawonsa da nauyinsa da yawan jininsa saboda yunwar da ya sha. Kafin nan ki shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanen gado, ki rage masa shan ruwa dab da barci, ya yi fitsari kafin ya kwanta, kuma kada a tara masa yara ana yi masa waƙa. Ki gaya wa likitan tarihinsa duka, ki nemi ya tura ku wurin masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwar yara. A Kaduna akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, kuma zuwa can ba ya nufin hauka. Akwai jinya ta hira da aka tsara musamman don yaran da suka ga tashin hankali, inda ake koya wa yaro kwantar da jikinsa, a bi da shi cikin labarinsa sannu a hankali tare da mai riƙonsa. An gwada ta a Lusaka ta Zambiya a kan yara 257 masu shekara 5 zuwa 18, kuma sakamakon 2015 ya nuna alamun razana sun ragu da kusan kashi 82 cikin 100 a wurin waɗanda suka samu jinyar, sauran kuwa da kashi 21. Idan kika ji yana maganar mutuwa, ko yana ji wa kansa ciwo, ko yana suma, ko yana ramewa, kada ki jira, ki kai shi a ranar.

Saura maigida. Ina ganin gajiya ce ta sa shi faɗin abin da ya faɗa, domin mutumin da ya buɗe ƙofarsa ga ɗan ƙanwar matarsa, yake ciyar da shi shekara ɗaya da rabi, ba maƙiyin yaron ba ne. Ki same shi ku biyu, a lokacin da hankalinsa yake kwance, kada ki mai da zancen gardama tsakaninki da 'yarsa. Ki fara da godiya, ki nuna kin san nauyin da ya ɗauka, ki tuna masa cewa falalar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ambata ga mai ɗaukar nauyin maraya tasa ce kafin ta zama taki, tunda daga aljihunsa ake ci. Sannan ki roƙi abu ƙayyadadde: shekara ɗaya, a sa yaron a allon unguwa, a je asibiti, a daina duka, bayan nan ku zauna ku duba tare. Ki ajiye ɗan littafi kina rubuta daren da ya tashi a bushe da ranar da babur ya wuce bai ɓuya ba, domin irin wannan sauƙi a hankali yake zuwa, yakan kuma ja baya idan an yi rashin lafiya ko baƙi sun cika gida, kuma wanda yake tare da yaro kullum shi ne ya fi saurin mantawa da yadda aka fara. Idan maigida zai riƙa tafiya da shi masallaci ko kasuwa, hannu cikin hannu, wannan wani abu ne da ke ba za ki iya ba shi ba.

'Yar maigidan kuma ki jawo ta jiki, ki roƙe ta ta nemi binciken Bukarest ta karanta, sannan ta raka ku asibiti, tunda ta san harshen ma'aikatan. Ke ma ki samu wadda za ta riƙa karɓar ki, 'yar'uwa ko aminiya, domin kina renon maraya ne alhali ke ma ba ki gama kukan ƙanwarki ba. Idan kun ga likita, ki sake rubuto min abin da ya ce game da fitsarin, da yadda kuka ƙare da maigida.